Sitabilaiza a Jihar Madatsun Ruwa

Duk wanda ya saba shiga shagunan Sauka Kahuta a Minna ya san akwatin nan, ko da bai taɓa tsayawa ya dube shi da kyau ba. Yana nan ƙarƙashin teburin mai sayar da lemo da ruwan leda, ko a bisa firiji, ko maƙale da bango a shagon aski. Akwatin ƙarfe ne mai nauyi, da 'yar allura ko lambobi masu haske a goshinsa, yana ƙas-ƙas duk sa'ad da wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa. Sitabilaiza ake ce masa, aikinsa kuwa guda ɗaya ne: ya karɓi wutar da ta shigo gida yadda ta ga dama, ya miƙa ta ga firiji ko talabijin a daidaice.

Ana sayar da shi ko'ina a Nijeriya, amma a Minna ne tarihinsa ya fi ban tausayi. Jihar Neja ce ke da kirarin jihar wutar lantarki, an rubuta hakan a lambar kowace mota da aka yi wa rajista a jihar, kuma ba kirarin banza ba ne. Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, manyan madatsun ruwa huɗu da ƙasar ke tinƙaho da su, duk suna cikin jihar ko a bakin iyakarta. Idan aka haɗa abin da aka gina su su bayar, ya haura megawat 2,600, a ƙasar da babban layinta kan raba tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku. Duk da haka, magidanci a Sauka Kahuta sai ya cire kuɗi daga aljihunsa ya sayi abin da zai saita masa wutar da ya riga ya biya.

Minna garin Gwari ne tun asali, a gindin duwatsu, kuma jirgin ƙasa ne ya mayar da ita mahaɗa. Layin dogo da Turawa suka fara shimfiɗawa daga Baro a bakin Kogin Kwara a 1907 ya ratsa ta nan kafin ya isa Kano a 1911, sannan layin da ya taso daga Legas ya zo ya haɗe da shi a Minna. Hausawa, Nufawa, Yarbawa da Inyamurai suka yi ta sauka, wasu ma'aikatan reluwe, wasu 'yan kasuwa. Hasken dare a wancan zamani aci-balbal ne da fitilar ƙwai, mai hali kuma ya kunna fitilar gas. Wutar lantarki ta shigo Nijeriya tun 1896 a Legas, kamfanin NESCO kuma ya fara samar da ita daga ruwan Kurra a tsaunukan Jos wajen 1929 domin masu haƙar kuza, amma abin ya daɗe yana matsayin kayan gwamnati da na kamfanoni. Ko bayan da aka kafa hukumar wutar lantarki ta ECN a 1950, kowane babban gari da injinsa yake dogaro, ba wani layi ɗaya da ya ɗinke ƙasar.

Kainji ce ta sauya wannan. An kafa Hukumar Madatsun Ruwan Kwara a 1962, aka soma gini a 1964, aka kammala a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. An tsara wa madatsar injuna goma sha biyu, aka girka takwas masu ba da megawat 760. Kafin ruwa ya taru sai da aka tashi dubun dubatar mutane daga garuruwansu. Tsohon garin Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806, ya nutse ƙarƙashin tafkin, aka gina wa mutanensa Sabuwar Bussa. Daga Kainji ne aka ja manyan wayoyi masu ɗauke da bolt 330,000 zuwa kudu da arewa, kuma da su aka fara abin da yau ake kira babban layin wuta na ƙasa. Har Yamai ta Jamhuriyar Nijar ta samu rabonta ta hanyar Birnin Kebbi. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun aka haifi NEPA, sunan da har gobe yara ke kira da ihu idan an kawo wuta, shekaru da dama bayan an rushe hukumar.

Jebba ta biyo baya a 1985 da injuna shida. Shiroro, wadda ke kan Kogin Kaduna ba nisa da Minna, ta fara aiki a 1990 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin, da injuna huɗu masu megawat 150 kowanne. Zungeru, tsohuwar hedikwatar Gwamna Lugga kafin a koma Kaduna, ita ce auta: an aza harsashinta a 2013 da bashin China, aka gama bayan kimanin shekara goma, megawat 700.

A cikin waɗannan tashoshi ne ainihin aikin saita wuta yake, kuma aiki ne da ba a tsayawa da shi ko na daƙiƙa ɗaya. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma dole duk injunan da ke kan layin ƙasa su juya tare a kan wannan ƙa'ida. Idan jama'a suka ƙara jan wuta, injin ya soma nauyi, sai wata na'ura ta ƙara buɗe ƙofar ruwa. Idan an rage ja, ta rage. Dabarar tsohuwa ce, tun James Watt ya ɗora irinta a kan injin tururi a 1788. Tashar ruwa ta fi tashar gas saurin amsa irin wannan kira, shi ya sa idan layin ƙasa ya durƙushe gaba ɗaya, madatsun Neja na cikin wuraren da ake komawa a tayar da shi. Wato jihar ba wuta kawai take bayarwa ba, har da natsuwar da ke riƙe da wutar ƙasar baki ɗaya.

To me ya faru tsakanin Shiroro da falon mutumin Sauka Kahuta?

Abu biyu ne suka haɗu a tsakiyar shekarun 1970. Na farko kuɗin Udoji. Ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a 1974, wanda aka biya ma'aikata har da ariyas, ya zo daidai da arzikin man fetur, kuma kaso mai yawa na kuɗin ya tafi wajen firiji, fanka, rediyo, dutsen guga da talabijin. Gidan da da can ƙwai biyu kawai yake kunnawa ya wayi gari da kayan da ke jan wuta ninkin-ba-ninkin. Na biyu, a watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanko Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, Minna ta zama babban birni. Ma'aikata suka taso daga Sakkwato, 'yan kwangila suka biyo su, aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, ga kuma Abuja tana tashi a maƙwabta. Unguwanni irin su Kpakungu, Barkin Sale, Maitumbi da Sauka Kahuta suka yi ta faɗaɗa, gida na bin gida tun kafin a shata titi ko a haƙa kwata.

Wayar wuta ma haka ta riƙa bin mutane a baya. Wutar da ta baro madatsa da bolt 330,000 ana sauke ta mataki-mataki, zuwa 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har taransifomar unguwa ta mayar da ita wajen 230 da kayan gida ke bukata. Kowace taransifoma da iyakar nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka, kowace waya kuma da nisan da za ta iya kai wuta ba tare da ta yi asara mai yawa ba. A sabuwar unguwa, wanda ya gama gini sai ya sayi falwaya biyu ko uku ya ja daga inda na gabansa ya tsaya, sau da yawa da siririyar waya mai araha, wanda ya zo bayansa shi ma ya ja daga nasa. Taransifomar da aka kafa domin gidaje kaɗan ta koma tana ciyar da unguwa guda. Lamarin kamar famfon unguwa ne: na kusa da tanki ruwa na zuwa masa da ƙarfi, na ƙarshen bututu sai ɗigo, kuma idan kowa ya buɗe nasa a lokaci guda, na ƙarshen ne ke fara rasawa. Da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna abin da yake da shi, ƙwan fitilar mutumin ƙarshen layi sai ya yi ja, fanka ta riƙa juyi da ƙyar.

Ga kuma yanayi. Kogin Kwara na kawo wa Kainji ambaliya biyu a shekara, ta damina daga ruwan da ya sauka a kusa, da wadda ke isowa cikin hunturu daga tsaunukan Gini bayan ta yi tafiyar watanni. Shiroro ba ta da wannan gata, ruwan Kogin Kaduna kaɗai take jira. Tafkinta na ja baya ne a bazara, daidai lokacin da zafin Maris da Afrilu ke sa kowa neman fanka da ruwan sanyi.

Mutane da yawa na ɗauka wuta mai ƙarfi ce kaɗai ke ƙona kaya. Masu gyaran firiji sun san ba haka ba ne. Injin firiji, da na jan ruwa, da na markaɗe, duk suna bukatar wani ƙarfi kafin su tashi. Idan wuta ta zo da rauni, injin ya kasa juyawa yadda ya kamata, sai ya riƙa jan wuta fiye da kima, wayar da aka naɗa a cikinsa ta yi zafi har rufinta ya narke. Firiji nawa ne suka mutu a haka, ba tare da tartsatsi ko ƙara ba, sai dai mai shi ya wayi gari ƙanƙararsa ta zama ruwa! Ga mai sayar da zoɓo da kunun aya, ko matar da ke ɗaura ƙanƙara a cikin gida tana ba yara su kai bakin titi, wannan jari ne ya tafi. A nan sitabilaiza ya samu ƙofar shiga, tun ana ganinsa kayan 'yan gayu har ya zama ba a sayen firiji sai da shi. A gidaje da dama ma yana cikin lissafin kayan ɗakin amarya.

Abin da ke cikin akwatin ba sabon ilimi ba ne. Michael Faraday ya nuna a 1831 cewa wutar da ke sauyawa a cikin naɗin waya ɗaya na iya tayar da wuta a wani naɗin, kuma a 1885 injiniyoyi uku na kamfanin Ganz da ke Budapest, Zipernowsky da Bláthy da Déri, suka fito da taransifoma irin wadda ake aiki da ita har yau. Sitabilaiza ƙaramar taransifoma ce mai naɗi ɗaya, wanda aka fitar wa da baki a wurare daban-daban. Wani ɗan allo na auna wutar da ta shigo, idan ta yi ƙasa sai ya sauya zuwa bakin da zai ɗaga ta, idan ta yi yawa ya koma wanda zai rage ta. Sauyin nan ne ƙas-ƙas ɗin da ake ji. Akwai kuma mai tsada, wanda ɗan ƙaramin inji ke zagaya da gawayi a kan naɗin a hankali, ba ya tsalle daga mataki zuwa mataki. Irinsa ake sa wa gida gaba ɗaya ko asibiti ko gidan buga takardu. Maɓallin jinkirin da ke jikin yawancinsu shi ma yana da dalili: idan aka ɗauke wuta aka maido nan take, iskar cikin firiji ba ta gama kwanciya ba, injin zai tashi da nauyi, don haka akwatin ke riƙe wutar na 'yan mintoci kafin ya saki.

Kwalin da ake sayar da shi a ciki ma yana ba da labarin halin da layi yake ciki. Ana rubuta mafi ƙarancin wutar da akwatin zai iya ɗagawa, wani daga bolt 140, wani daga 100, wani ƙasa da haka, kuma mai shago ya san wanda lambarsa ta fi ƙasa shi ya fi saurin fita. Kamfanoni irin su Binatone, Century da Blue Gate sun yi suna a wannan kasuwa, kayan kuma na shigowa ta Legas, yawancinsu ƙirar China, su bi ta hannun dillalai har su iso kantunan Minna.

Sana'a ta tsiro a gefen wannan ciniki. Masu gyaran rediyo na da, waɗanda suka koyi aiki a kan akwatin rediyo da rikoda, su ne suka fara buɗe cikin sitabilaiza, yaransu kuma suka gaje su. Akwai masu naɗi, waɗanda aikinsu shi ne su warware wayar da ta ƙone su ƙirga zagayenta, su sake naɗa sabuwa da hannu, ko ta fanka ce ko ta injin ruwa ko ta sitabilaiza. Su ne za su gaya wa mai saye ya ɗaga akwatin ya ji nauyinsa kafin ya biya, domin naɗin jan ƙarfe ya fi na alminiyam nauyi da juriya, kuma abin da aka rubuta a goshi, 2000 ko 5000, ba lallai ne cikin ya kai shi ba. Za su kuma gaya masa gaskiyar da ba kowane mai talla ke faɗa ba, cewa idan wuta ta yi ƙasa sosai, akwatin ba ya iya ɗaukar ko kusa da nauyin da aka rubuta masa. Wannan ilimi ne na gaske, an same shi a bakin aiki, kuma ya ceci dukiyar mutane da yawa.

Sai dai akwai abin da ko gwanin masu gyara ba zai iya sauyawa ba. Sitabilaiza ba ya ƙirƙirar wuta. Abin da ya ƙara a ƙarfi, ya jawo shi ne a yawa. Kayan da ke cin wat 1,000 na jan amfiya huɗu da ɗoriya idan wuta na kan 230. Idan ta faɗo 140, sai akwatin ya ja sama da amfiya bakwai kafin ya biya wa kayan bukatarsu. Zafin da ke tashi a waya kuwa ba ninki ɗaya yake bi ba, a wannan misali ya kusa ninka uku. Ma'ana, duk gidan da ya saita tasa wutar ya ƙara wa layin nauyi, wutar maƙwabcin da ba shi da akwati ta ƙara faɗuwa, shi ma ya je ya sayo, taransifoma ta ƙara ɗaukar zafi. Haka ma dabarar masu layi uku, da ke fita da tocila su sauya fis zuwa layin da ya fi ƙarfi: kowa ya koma kansa, nan da nan shi ma ya durƙushe. Ba laifin magidanci ba ne, don babu mai zuba ido firijinsa ya ƙone. Amma maganin da kowa ke sha shi kaɗai yana ƙara wa unguwa ciwon, kuma ƙarshensa sananne ne: taransifoma ta buga, a shiga makonni cikin duhu, masu unguwa su bi gida-gida ana karo-karon gyara abin da ba mallakarsu ba.

An sauya wa hukumar wuta suna da iyayengiji fiye da sau ɗaya. NEPA ta koma PHCN a 2005, a watan Nuwamban 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Jihar Neja ta faɗa hannun kamfanin AEDC tare da Abuja, Kogi da Nasarawa. Kainji da Jebba suka koma hannun kamfanin Mainstream, Shiroro kuma hannun kamfanin North South Power. An kafa hukumar HYPPADEC mai hedikwata a Minna domin al'ummomin da madatsun suka shafa. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni, bisa alkawarin awa 20 a rana. Abin lura shi ne, duk rabon rukunin an gina shi ne a kan awoyi. Awa nawa aka kawo wuta, shi ake ƙirgawa, shi ake gardama a kai. Wutar da ta kwana a gida amma ta kasa tayar da injin ruwa, a takarda an kawo ta, ga mai gida kuwa da ita da babu kusan ɗaya.

A ƙarshen 2024 Arewa ta ga yadda ta dogara da wayoyin da suka ratsa dazukan Neja. An lalata layin da ke ɗaukar wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro ya hana masu gyara isa wurin da wuri, da layin da ke taimaka masa ta Binuwai ya samu matsala a watan Oktoba, sai Kano, Kaduna, Katsina da sauran jihohi suka shafe fiye da mako cikin duhu. Ƙauyukan Shiroro da ke zagaye da madatsar kuwa sun daɗe suna fama da 'yan bindiga.

Kasuwar akwatin ta soma sauya kama. Cajar waya, kwamfuta da talabijin na zamani an ƙera su su yi aiki daga bolt 100 zuwa 240, ba ruwansu da sitabilaiza. Ƙwan fitila na yanzu shi ma yana haske ko wuta ta yi rauni, wanda hakan alheri ne, sai dai ya ɓoye alamar da tsohon ƙwai ke nunawa, har mutum ya jona firiji bai san halin da layi ke ciki ba. Masu hali sun koma sola da batir, rufin kwano a Minna na ƙara cika da faifan hasken rana, kuma yaran masu naɗi da yawa sun koma koyon haɗa shi. Waɗanda suka rage a kan layin su ne waɗanda sana'arsu ke cin wuta da yawa kuma jarinsu bai kai na sola ba: mai walda, mai niƙa, mai ƙanƙara, tela mai injin surfani.

Gyaran da zai sa a daina bukatar akwatin sananne ne ga duk injiniyan da ya fito daga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano: a ƙara taransifomomi a matso da su kusa da gidaje, a kai layin 11,000 cikin unguwa maimakon jan ƙaramar waya mai nisa, a sauya siraran wayoyi da masu kauri, a raba gidaje daidai a kan layuka uku. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, abin da a da sai Abuja. Da wannan iko, Jihar Neja na iya wajabta a riƙa auna ƙarfin wutar da ke isa gidan ƙarshe a kowane layi, a Sauka Kahuta da Kpakungu da Maitumbi, da ƙarfe takwas na dare a watan Afrilu, a buga sakamakon kowa ya gani, a kuma ɗaura kuɗin da ake karɓa a kansa kamar yadda aka ɗaura shi a kan awoyi.